Ɗalibin da Ba Shi da Kowa a Tawa

Kalma ɗaya Ɗahiru ya rubuta, ko minti ɗaya ba ta ɗauke shi ba. A takardar neman ɗaki a site, wato gidajen kwanan ɗalibai da ke cikin jami'a, akwai wani ɗan layi inda ake tambaya ko mutum yana da mai masauki a garin Tawa. Ya tsaya da bik, wato alƙalami, a sama, ya waiga hagu da dama kamar wani zai leƙo, sannan ya rubuta babu. Ya miƙa dosiyensa, wato takardun nemansa, ta tagar ofishin da suke kira biro, ya fito yana share gumi, alhali ranar ko zafin kirki ba a yi ba.

Kowa a jami'ar ya san yadda abin yake. Gadaje kaɗan ne, masu nema sun yi musu yawa nesa ba kusa ba. Wanda Allah ya ba, abin da zai biya a wata bai kai kuɗin kabu-kabun sati guda ba, ga kuran, wato wutar lantarki, ga famfo, ga resto na cin abinci a bakin ƙofa. Wanda bai samu ba sai ya shiga gari neman haya, inda ɗaki ɗaya ba ruwa ba wuta za a ce jika goma sha biyar, wato sefa dubu goma sha biyar, sai mutum huɗu sun haɗa bursinsu, ɗan tallafin da gwamnati ke ba ɗalibai, kafin su iya. Wanda ko wannan ta fi ƙarfinsa, bencin amfi, babban zauren lacca, shi ne makwancinsa. Shi ya sa ofishin da ke rabon ɗakuna ya kafa ƙa'ida cewa a fara ba wanda ba shi da kowa a gari.

To, Ɗahiru yana da kowa, kowan ma na gaske. Yana da Illa, dillali a kasuwar bisashe, wani gajeren tsoho mai furfura wanda in ya yi magana a wannan gefen kasuwa ana jin sa a wancan. Shekara talatin da ɗoriya, duk sanda Ciɗo, mahaifin Ɗahiru, ya koro raguna daga Tebaram, gidan Illa yake sauka. Ba shi kaɗai ba, kusan rabin garinsu. Haka sana'ar take: dillali ne zai ba ka wurin kwana, ya shayar da dabbobinka, ya sa a kawo maka tuwo, ya tsaya maka in rigima ta tashi, kai kuma ka ɗaure a turkensa, ya sayar ya ci la'ada. Illa ba shi da shago, ba shi da garke. Abin da yake ci da shi kawai shi ne a ce a ƙauyuka, sauka gidan Illa, ba ya wulaƙanta baƙo.

Da Ɗahiru ya ci jarrabawar bak ta shiga jami'a, babu wanda ya tsaya shawarar inda zai zauna. Ciɗo ya taho da shi tare da raguna biyar da buhun hatsi, ya danƙa wa Illa duka. Illa ya riƙe hannun yaron ya kai shi cikin gida wurin matarsa Ummul Kulsum, wadda kowa ke kira Inna, ya ce mata ga ɗa an kawo musu a tsufa. Shekara guda cur bai kwana da yunwa ba, bai wanke tufafinsa da sabulun da ya saya ba.

Amma a yi wa yaron adalci, gidan Illa ba gidan karatu ba ne. Ɗakinsa shi ne na jikin zaure, kuma shi ne ɗakin baƙin kasuwa. Tun Juma'a suke fara isowa saboda kasuwar Lahadi, Hausawa da Buzaye da Fulani, kowa da igiyoyinsa da butar shayinsa da rediyonsa. Ya buɗe littafi ke nan za a ce etidiyan, wato ɗalibi, ya duba wa wane lamba a salula, etidiyan ya karanta takardar allurar shanu, etidiyan ya raba gardama kan ko Aljeriya ta fi Libiya nisa. Illa kuwa har wani daɗi yake ji, yana cewa a ba etidiyan hanya ko da hanyar a buɗe take. Ga nisa, in babu kuɗin kabu-kabu tafiyar awa guda ce a ƙasa. Ga kuma wata rana da ba ta bar ransa ba, da wata yarinya a amfi ta janye jakarta daga kusa da shi, ta tambayi ƙawarta da ƙarfi wai wa ya shigo da bunsuru. A ƙarshen shekara ya faɗi darussa biyu, da ƙyar ya tsallake a zagaye na biyu.

Hujja dai yana da ita. Bakin faɗarta ne ba shi da shi. Ranar da aka liƙa sunaye ya ga nasa, ya yi murna har ya rungumi wanda bai sani ba, sai a hanyar gida murnar ta fara tsami. Ya tarar da Illa a zaure yana tufka igiya, ya durƙusa ya gaishe shi, ya tsura wa ƙasa ido.

"Baba, wata doka anka hiddo. Dut wanda yas shiga shekara ta biyu, dole shi kwana cikin site."

Illa ya dakata da tufkar. "Dole?"

"Dole, Baba."

"To, hukuma ta hi ƙarhinmu." Ya sake duban sa. "Amma dai ba wani abu anka yi maka gidanga ba ko? In Innarka ta ɓata maka rai hwaɗa mani, ni ma ta daɗe tana ɓata mani."

Daga cikin gida Inna ta ɗaga murya ta ce ta ji shi sarai, kuma yau tuwonsa sai dai ya je kasuwa ya nema. Aka yi dariya, Ɗahiru ma ya yi, amma tasa a leɓe ta tsaya.

Ranar tafiya Inna ta ƙulle masa gumba da cuku a leda, tana faɗa wai abincin resto ba ya riƙe cikin ɗan Adar. Illa da kansa ya ɗaure katifa a bayan kabu-kabu, ya ja igiya ya sake ja. Sannan ya bi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, tun ba su tambaya ba, yana gaya musu hukuma ce ta kira yaron. Ɗahiru ya san dalili. A unguwar dillalai, baƙo ya tattara kayansa ya bar gidanka ba ƙaramar magana ba ce, sai an nemi jin abin da aka yi masa.

Site kuwa ta yi masa daɗi, ba sai an ɓoye ba. Ɗakin na mutum huɗu ne, su bakwai ke kwana, don kusan kowane mai gado yana da wanda ya raɓu da shi, amma babu mai kiransa ya duba lamba. Ya danna maɓalli wuta ta kama. Ya yi wanka sau biyu a rana don kawai ruwan yana nan. Ya koyi cewa kamarad, wato abokin gwagwarmaya, da irin muryar da manyan ɗalibai ke faɗa, ya sayi turare ɗan ƙarami. A wata biyu sau biyu ya leƙa gidan Illa, kowane zuwa yana tsaye-tsaye wai akwai darasi.

Ana haka waɗanda ba su samu gado ba suka yi taro, suka ce akwai ƴan gari da masu masauki a cikin jerin, a bincika. Cikinsu akwai Jibrilla, ɗan Tebaram shi ma, ɗan shekarar farko, maraya ne wanda da gaske bai san ƙofar kowa ba a Tawa. Wata biyu yana kwana a amfi, kayansa a cikin buhu a bayan allo. Ba mugu ba ne, gajiya ce ta yi masa yawa. Da aka ce kowa ya faɗi wanda ya sani, ya faɗi sunan Ɗahiru, ya kuma ba da lambar Illa, wadda babu gidan da ba a san ta ba a garinsu.

Madam Hadiza ce ke riƙe da rabon ɗakuna, wata Badamagara mai tabarau wadda ba ta ɗaga murya kuma ba ta maimaita magana. Ta kira Ɗahiru biro ranar Talata, ta ajiye takardarsa a gabansa.

"An ce kana da mai masauki a unguwar kasuwar dabbobi. Na kira shi, zai zo gobe da ƙarfe goma. Kai ma ka zo."

Da la'asar ya kama hanyar gidan Illa a ƙasa, ko da yake yana da kuɗin kabu-kabu, don ya samu lokacin shirya magana. Ya shirya ta tsaf. Zai faɗi komai, ya nemi gafara, duk abin da tsohon ya yanke shi ke nan. Ya isa ya tarar Inna ta shanya babbar rigar Illa ta zuwa Idi a kan igiya, shi kuma yana zaune wanzami na gyara masa gemu.

"Ga etidiyan! Wata madam tak kira ni daga lakkol ɗinku, tac ce in taho gobe. Halama kyauta za a ba ka? Na hwaɗa ma Innarka, yaron ga kanai na ja."

"Ban sani ba, Baba."

"Kai dai ɓoyo gare ka, kamar ubanka."

Inna ta kawo masa fura mai sanyi, ta tsaya a kansa sai ya shanye. Ya sha, kowane kurɓi kamar yashi. Sau uku ya buɗe baki, sau uku yana tarar da tsohon na murmushi a ƙarƙashin askar wanzami, sai ya tambayi lafiyar kasuwa. Ya tashi kafin magariba bai faɗi komai ba. A hanya ya zagi kansa zagin da bai taɓa yi wa kowa ba, amma bai juya ba.

Washegari Illa ya riga kowa zuwa. Ɗahiru ya hango shi a kan benci a bakin biro, cikin babbar riga da rawani, ya ajiye takalmansa a gefe kamar wanda zai shiga masallaci. A ciki akwai Madam Hadiza, da wakilan ɗalibai biyu, da Jibrilla a tsaye jikin bango. Illa ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ya gane Jibrilla, ya ce ai ya san mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne. Jibrilla ya sunkuyar da kai.

Madam ta yi bayani da Hausa a taƙaice. Ta faɗi ƙa'idar rabon gadaje, ta ce babu dokar da ta tilasta wa kowa kwana a site, nema ake yi. Sannan ta karanta layin, ta karanta amsar.

Illa bai iya karatun boko ba, amma ya miƙa hannu aka ba shi takardar. Ya riƙe ta nesa da fuskarsa, ya tambayi ina wurin yake. Madam ta ɗora yatsa a kai. Ya daɗe yana kallon ƴan baƙaƙen nan.

"Shi yar rubuta da hannunai?"

"Shi ya rubuta."

Ɗahiru ya ji kamar an tuɓe shi a tsakiyar kasuwa. Kunya ta rufe shi har kunnuwansa na zafi. Ya so tsohon ya juyo ya zage shi, ya tofa masa yawu, ko ya ɗaga hannu ya mare shi. Illa bai ko kalli inda yake ba. Ya mayar da takardar, ya gyara zama, ya yi tambaya da muryar da yake ciniki da ita.

"Madam, in na ce baƙona na, mi ka hwaruwa?"

"Za a karɓe gadon a ba wani. Kuma sunansa ba zai ƙara shiga jeri ba har ya gama, don ya yi ƙarya a dosiye."

"In kau ba baƙona ba na?"

"Ya ci gaba da zamansa."

Illa ya shafa gemun da aka gyara jiya. Ya kalli silin, ya kalli ƙafafunsa.

"To, gaskiya yaron yar rubuta. Bara gidana yaz zamna, wanga haka na. Bana na kore shi."

Madam ta ɗago tabarau. "Ka kore shi? Me ya yi maka?"

"Bai yi komi ba. Ɗakin nika so in sa baƙin kasuwa. Su suna kawo la'ada, shi ba ya kawo komi sai cin tuwo. Nac ce shi nemi wuri."

Ɗaya daga cikin wakilan ɗalibai ya ja tsaki bai ɓoye ba. Madam ta dubi tsohon sama da ƙasa, irin kallon da ake yi wa wanda girmansa ya zube, ta ce to an ji, ta rubuta wani abu a gefen takardar. Nan ne wurin da Ɗahiru zai yi magana. Kalma huɗu ta isa, ya ce ba haka ba ne. Sai ya tuna amfi da buhun Jibrilla a bayan allo. Ya haɗiye su.

Illa ya miƙe, ya yi wa kowa sallama, ya fita ya sa takalmansa. Ɗahiru ya biyo shi har baranda ya tsaya. Yana kallo tsohon ya bi doguwar hanyar nan zuwa bakin get, babbar rigar na jan ƙasa ta gefe ɗaya, bai tsayar da kabu-kabu ba.

Sai ga hannu a kafaɗarsa. Jibrilla ne, idanunsa sun yi ja.

"Ɗahiru, don Allah ka yahe mani. Wallahi ban san korar ka anka yi ba. Ashe kai ma wahala kaka sha kana ɓoyewa."

Ɗahiru ya ce babu komai. Don ya samu ya daina kallon fuskar yaron, ya ce masa ya kawo buhunsa ɗakinsu, akwai wurin tabarma tsakanin gadaje. Wannan ma ta zame masa wata azabar. Jibrilla ya riƙa bin mutane yana ba da labarin kirkin Ɗahiru, wanda aka kai ƙararsa ya rama da alheri, yana kuma ba da labarin Illa, dillalin da ya kori ɗan amininsa saboda la'ada. Jibrilla yana da salula, yana da ƴan uwa a Tebaram. Kafin sati ya zagayo maganar ta riga motar kasuwa isa gida.

Kwana goma sha ɗaya bayan nan, ranar Lahadi da safe, Ciɗo ya kira ɗansa. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba.

"Ina kasuwa. Ka iske ni turken Nasiru."

Nasiru wani dillali ne matashi mai babur da salula biyu, wanda ya daɗe yana zawarcin mutanen Tebaram bai samu fuska ba. Ɗahiru ya shiga kasuwar rana ta fara zafi, ƙura da kukan awaki ko'ina. Dole hanya ta bi da shi ta gaban rumfar Illa. Turakan nan da ya saba gani cike, har ana ɗaure biyu a ɗaya, yau awaki uku ne na wata tsohuwa da tunkiya guda. Illa na zaune a kan buzunsa shi kaɗai yana hura gawayin shayi. Ɗahiru ya raɓe ta bayan wani raƙumi ya wuce kamar ɓarawo.

Wurin Nasiru kuwa cike yake da fuskokin da ya sani tun yana yaro. Suka yi ta riƙe hannunsa suna jinjinawa, suna yi masa irin gaisuwar da ake yi wa wanda ya tashi daga ciwo. Ciɗo na tsaye kusa da raguna shida, dogo, ya rame, ransa a ɓace.

"Don mi ba ka hwaɗa mani ba? Shekara talatin ina cin tuwon mutumin ga, ashe ƙirga lomar ɗana shikai. Kowace kaka ina aika mai hatsi. In bai isa ba shi hwaɗi mana, in ƙara."

"Baba, ina son magana da kai. Mu biyu."

Suka koma bayan wata babbar mota da ake loda shanu. A nan, cikin ƙarar injin da ihun masu lodi, Ɗahiru ya faɗi komai. Ya faɗi layin da abin da ya rubuta, da dokar da ya ƙirƙira, da zuwansa gidan ya sha fura ya kasa magana, da abin da Illa ya ce a biro shi kuma yana tsaye. Bai rage ba, bai kuma kawo hujjar bunsuru ko ta nisa ba, don da ya zo kansu sai ya ji sun yi ƙanƙanta.

Ciɗo bai mare shi ba. Ya nemi tayar motar ya jingina, sannan ya sulale ya tsuguna, ya riƙe kai da hannu biyu. Da ya yi magana, ba da ɗan yake ba.

"Jiya na wuce ƙohwar gidanai da ragunan ga. Shina zamne. Yat tashi tsaye, yac ce Ciɗo barka da hanya. Ban amsa ba. Gaban mutane ban amsa ba."

Ɗahiru bai taɓa ganin hawayen mahaifinsa ba sai ranar. Da ƙasa za ta tsage da ya gode mata.

Can Ciɗo ya miƙe, ya share fuska da bakin rawani, ya koma turken Nasiru ya fara kwance igiyoyi. Nasiru ya taso yana tambayar lafiya, ga mai saye ya taya. Ciɗo ya ce ya yi haƙuri, ya miƙa wa ɗansa igiya uku ya riƙe uku. Haka suka ratsa kasuwar, raguna na turjewa, mutanen Tebaram na bin su da kallo, wasu na cewa Ciɗo dai ba shi da zuciya.

Illa ya gan su tun daga nesa. Ya ajiye butar shayi, ya taso, ya kama rago na farko ya danna bayansa, ya ɗaga leɓensa ya duba haƙora, kamar jiya suka rabu.

"Ciɗo, waɗanga sun sha dusa bana."

Ciɗo ya tuɓe takalmi ya durƙusa a cikin kashin awaki. Illa ya yi maza ya kama shi.

"Tashi, tashi, mutane na kallo. Yaron ya hwaɗa maka ke nan."

"Ya hwaɗa mani. Bari in tara mutanenmu yanzu, shi maimaita gabansu da bakinai."

"Ba ka tara kowa. In sunka ji, yaron da yak kai ƙara ya ji, in yaj ji madam ta ji. Maganar ga ta tsaya nan, mu ukku."

"Illa, turakanka hwa? Dubi turakanka."

"Na gan su, ba makaho ni ba. Wanda za ya dawo shi dawo."

Sai a lokacin Ɗahiru ya samu murya. Ya durƙusa shi ma, igiyoyin na hannunsa, ya ce gobe da safe zai je biro ya faɗi gaskiya, su karɓe gadonsu, ya dawo gida ko a zaure ne ya kwana. Karo na farko tun ranar biro, Illa ya dube shi ido cikin ido. Babu fushi a fuskar, kuma da fushin ne da ya fi sauƙi.

"Shekara arba'in ina kasuwar ga, ban taɓa tsayawa gaban hukuma na yi ƙarya ba sai rannan. Yanzu kana so ka maishe ta ta banza? Koma ka kwanta bisa gadonka ka yi karatu. An riga an biya."

"To Baba, in zo gida yau in gaida Inna."

"A'a. Madam ta rubuta na kore ka. In anka riƙa ganin ka gidana, mu biyu mun zama maƙaryata. Innarka na gaishe ka. Sai ka ƙare, ka taho da takardarka."

Shekara biyu ke nan, in komai ya tafi daidai. Illa ya karɓi igiyoyin daga hannunsa, ya juya ya ɗaure a turke, ya ɗaga murya yana kiran wani mahauci da ke wucewa ya zo ya ga raguna. Ciɗo bai kalli ɗansa ba, ya ce masa ya tafi kawai.

Ɗahiru ya kama hanyar fita. Ya kusa bakin kasuwa wani dattijo ɗan garinsu, Alƙasum, wanda ya bar shanunsa a turken Nasiru, ya tare shi ya riƙe masa hannu da hannu biyu.

"Haƙuri, ɗana. Ubanka shi yas san abin da yag gani wurin tsohon ga, mu dai mun gama da shi. Abin da yay yi maka, Allah shi saka maka."

Ya tsaya yana jiran amin. Ɗahiru ya kalli hannun da ke riƙe da nasa, ya kalli ƙasa. Alƙasum ya jira, ya jira, sannan ya juya wurin na kusa da shi yana girgiza kai, ya ce a dubi tarbiyya, an zalunci yaro amma ko amin ya ƙi cewa a kan wanda ya zalunce shi. Ɗahiru ya zare hannunsa a hankali, ya bi gefen titi zuwa jami'a.